Zaizayewar Saiwar Haƙori Lokacin Sa Wayar Daidaita Haƙora: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan, ganin saurayi ko budurwa da waya a haƙora ya daina zama abin kallo a Kaduna. Daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa, daga Malali zuwa Tudun Wada, iyaye suna kai 'ya'yansu a daidaita musu haƙoran da suka hau kan juna ko suka turo gaba, manyan da ba su samu wannan dama suna yara ba kuma suna zuwa da kansu. Yawancinsu sun san za a sha ciwo na 'yan kwanaki bayan an ɗaure waya, sun kuma san za a raba su da rake da aya. Abin da kaɗan ne suka taɓa ji shi ne cewa saiwar haƙori, wato ɓangaren da ke binne cikin ƙashi, tana iya gajarcewa a lokacin wannan aiki ba tare da mai ita ya ji komai ba. Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da masu sa waya suka fi yi mini a ɗakin duba haƙori duk lokacin da na tayar da wannan magana.

Mene ne ake nufi da zaizayewar saiwar haƙori?

Haƙorin da muke gani a baki rabin labari ne kawai, domin ɓangaren da ke ɓoye a ƙarƙashin dasashi ya fi na waje tsawo. Babban haƙorin gaba na sama yana da saiwa mai tsawon kimanin milimita 13, ta fiƙa kuwa takan kai milimita 17. Ya kamata a bambanta saiwa da jijiya, saboda a bakin mutane kalmomin biyu sukan cakuɗe. Jijiya ita ce laushin naman da ke cikin tsakiyar haƙori, wadda ke sa a ji zafi da sanyi. Saiwa kuwa ita ce ƙaƙƙarfan turken da ke riƙe haƙori cikin ƙashin muƙamuƙi. Zaizayewa na nufin jiki da kansa ya cinye wani sashe na wannan turke, galibi daga can ƙarshen tsininsa, har saiwar da ta kasance doguwa mai tsini ta koma gajeriya mai dakusasshen kai.

Duk wanda ya taɓa riƙe haƙorin yaron da ya yi famfara ya riga ya ga wannan abu da idonsa. Haƙorin nono yakan faɗo ba saiwa, ba don an halicce shi haka ba, sai don jiki ya cinye saiwar tasa domin ya ba haƙorin girma hanya. A wurin yaro wannan tsari ne na halitta, amma a haƙorin girma, wanda babu wani da zai maye gurbinsa, asara ce.

Ta yaya wayar da ke manne a saman haƙori za ta taɓa saiwar da ke cikin ƙashi?

Sai an fahimci yadda haƙori ke tafiya kafin a fahimci wannan. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa cikin katako ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da ƙananan hanyoyin jini, wanda kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Idan waya ta tura haƙori zuwa gefe guda, tantanin wannan gefe yakan matse, na ɗaya gefen kuma ya miƙe. A inda ya matse jiki yakan aiko da ƙwayoyin halitta masu cin ƙashi su buɗe hanya, a inda ya miƙe kuma masu gina ƙashi su cike gurbin da aka bari. Da wannan rushewa a gaba da gini a baya haƙori ke matsawa, kimanin milimita ɗaya a wata idan komai na tafiya daidai.

Matsalar tana farawa ne idan matsin ya yi yawa har jini ya yanke wa wani sashe na tantanin, naman wurin ya mutu. Dole jiki ya kwashe wannan mataccen nama kafin haƙori ya ci gaba da tafiya, kuma ƙwayoyin da ke zuwa wannan shara ba su cika tsayawa a kan iyaka ba. Saiwa tana da wani siririn ɓawo da likitoci ke kira siminti, wanda a kullum shi ke kare ta daga masu cin ƙashi. Garin kwashe mataccen nama sai a kankare wannan ɓawo, kamar mai noman rani da ya zo cire ciyawa ya haɗa da shuka, daga nan kuma saiwar ta zama a buɗe ga masu ci. Idan matsin ya sassauta, jiki yakan liƙe ƙananan ramukan da sabon siminti. Idan kuwa matsin ya ci gaba wata da watanni, ramukan da ke tsinin saiwa sukan haɗe har tsinin ya gutsure, jiki ya cinye shi.

Abin lura shi ne cewa hanyar da ke motsa haƙori ita ce dai hanyar da ke cin saiwa. Shi ya sa babu likitan da zai iya yin alkawarin cewa ba za a rasa ko kaɗan ba, kuma duk wanda ya yi irin wannan alkawari, ni a wurina, ya rage wa kansa daraja.

Kowa ne ke samunta, ko wasu ne kawai?

Idan aka ɗauki haƙoran da aka motsa da waya aka duba su da madubin ƙara girma a ɗakin bincike, fiye da kashi 90 cikin 100 sukan nuna alamar an ɗan ci jikin saiwarsu. Wannan adadi yana tsorata iyaye, amma mafi yawan abin da ake gani ƙananan ramuka ne da jiki ke gyarawa. Wanda ake iya gani a hoton eksire ya fi haka ƙaranci, kuma galibi gajarcewa ce ta milimita 1 zuwa 2 a haƙoran gaba na sama, wadda ba ta hana haƙori aikinsa har tsufa. Mai tsanani, wato a rasa fiye da milimita 4 ko fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon saiwa, tana samun kimanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na haƙora. Wannan ƙaramin rukuni shi ne dalilin duk wannan bayani, domin ba a iya nuna su da yatsa tun ranar farko.

Sabon abu ne da aka gano kwanan nan?

A'a. Tun a 1927 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Albert Ketcham ya nuna a hotunan eksire cewa saiwar haƙoran mutanen da aka yi wa wannan aiki ta gajarce. Kusan shekara ɗari ke nan likitoci suna sane da ita.

Zan ji ciwo, ko in ga wata alama a madubi?

Ba za ka ji ba, ba kuma za ka gani ba. Haƙorin yana nan da ransa, launinsa bai canza ba, jijiyarsa tana aiki. Ciwon da ake ji kwana biyu ko uku bayan an canza waya ciwon tantanin da aka matsa ne, ba shi ne ma'aunin zaizayewa ba. Ɗan girgiɗin da haƙora ke yi lokacin da ake motsa su shi ma abu ne da aka saba gani, yakan lafa bayan an gama. Mutum yana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na saiwar haƙorinsa yana cin tuwonsa lafiya lau, wani kuma ya sha ciwo sosai alhali saiwarsa ba ta taɓu ba. Hoto ne kaɗai ke faɗin gaskiya a nan.

Waɗanne haƙora ne abin ya fi shafa?

Haƙoran gaba huɗu na sama su ne kan gaba, sai na gaba na ƙasa. Dalili a fili yake: saiwarsu guda ɗaya ce siririya, kuma su ake ja da nisa idan ana son mayar da haƙoran da suka turo. Turame ba su cika shiga wannan hatsari sosai ba.

Likita, ta yaya zan san ko 'yata tana cikin waɗanda abin zai yi wa tsanani?

Hajiya, akwai abubuwan da ke sa likita ya ƙara sa ido, ko da yake babu ɗayansu da ke yanke hukunci shi kaɗai. Na farko shi ne siffar saiwar kanta kafin a fara. Saiwar da ta kasance gajeriya tun asali, ko mai siririn tsini kamar bakin allura, ko wadda ta lanƙwashe, ta fi saurin cinyewa fiye da mai kauri madaidaiciya. Na biyu shi ne tsohon rauni. Yaron da ya taɓa faɗuwa daga keke ko babur, ko aka buge shi a filin ƙwallo har haƙorin gaba ya girgiɗe ko ya gutsure, dole a gaya wa likita ko da abin ya shekara biyar kuma haƙorin ya daina ciwo, domin wani lokaci zaizayewar ta riga ta fara tun kafin waya ta zo. Iyaye da yawa ba sa ambaton wannan saboda suna ganin ya wuce, sai hoto ya tona.

Gado ma yana da hannu sosai. Binciken da aka yi a kan 'yan'uwa ciki ɗaya ya nuna cewa idan saiwar wa ko ya ta gajarce da yawa lokacin sa waya, ƙane ko ƙanwa sun fi kusa da samun haka. A gidajenmu da ake kai yara uku ko huɗu wurin likita ɗaya bayan ɗaya, wannan labari ne mai amfani ƙwarai, kuma hoton babban yaro yana iya canza yadda za a tsara aikin ƙaramin.

Sai kuma yanayin aikin kansa. Nisan tafiyar da tsinin saiwa zai yi, tsawon lokacin da waya za ta zauna a baki, da ƙarfin da ake ja da shi, duk suna ƙara hatsari. Wanda aka cire wa haƙora domin a samu wurin mayar da na gaba baya zai yi doguwar tafiya fiye da wanda aka ɗan jera masa haƙora kawai. Tura haƙori ciki, wato a nutsar da shi cikin ƙashi, shi ne motsin da ya fi cin saiwa, saboda duk nauyin yana taruwa ne a kan tsini. Haka nan idan aka matsa saiwa ta jingina da ƙaƙƙarfan bangon ƙashi na waje. Akwai kuma ɗabi'u irin su cizon farce, da rahotannin da suka danganta abin da cutar asma, ko da yake wannan na ƙarshe bai kai sauran ƙarfi ba.

Yara sun fi manya tsira?

Haƙorin da saiwarsa ba ta gama girma ba yakan fi jure motsi, kuma saiwa takan kammala ne shekara biyu zuwa uku bayan haƙori ya fito. Amma shekaru kaɗai ba sa hana mutum sa waya. Abin da ya fi damuna ga mai shekara 35 ko 40 shi ne lafiyar dasashinsa da ƙashin da ke kewaye da haƙoransa.

Bikina saura wata biyar, ba za a ƙara ɗaure wayar ba domin a gama da wuri?

Wannan tambaya ta fi kowace yawa daga amare da iyayensu mata, kuma amsarta ba ta yi musu daɗi. Ƙara ƙarfi ba ya ƙara sauri. Idan aka matsa fiye da kima jini yakan yanke, naman wurin ya mutu, haƙori ya tsaya cik har sai an kwashe mataccen naman, kuma a wannan shara ce ake cin saiwa. Ke nan an biya da saiwa, ba a kuma sayi lokaci ba. Aikin waya na sosai yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani ya fi haka. Idan biki ya matso, abin da ya fi hankali shi ne a zauna da likita a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a cire wayar na ɗan lokaci a mayar bayan biki, ko a jinkirta farawa gaba ɗaya.

Sai dai ɗaya gefen ma yana da nasa laifi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, to a wannan aiki daɗewar ita ma tana da farashi. Ana son a ga mai waya duk bayan mako huɗu zuwa takwas. Ɗalibin da ya tafi makaranta Zariya ko Kano ya yi wata biyar bai leƙo ba, ko wanda aka tura bautar ƙasa wata jiha mai nisa, ko wanda kuɗi suka yanke masa a tsakiya ya bar waya a baki shekara huɗu, duk suna tsawaita lokacin da saiwa ke cikin matsi, ga kuma babu mai dubawa. Na taɓa karɓar wani matashi da aka sa wa waya a wani wuri, wanda ya sa masa ya bar gari, shi kuma ya ci gaba da yawo da ita fiye da shekara uku. Da muka ɗauki hoto, saiwar haƙoransa biyu na gaba ta ragu ƙwarai, kuma babu hoton farko da za a gwada da shi a san daga ina aka taso. Wanda ya san tafiya na gabansa ya faɗa tun kafin a manna ƙarfe na farko.

Yaushe ya kamata a ɗauki hoto, kuma hasken hoton ba ya cutarwa?

Hoto na farko kafin a fara aiki wajibi ne, domin shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Na biyu kuma bayan wata shida zuwa tara da fara jan haƙora. Wannan lokaci ba da ka aka zaɓe shi ba: wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Levander da Malmgren, sun nuna a 1988 cewa haƙorin da ya fara nuna zaizayewa a wannan tsakani shi ne ya fi hatsarin yin tsanani a ƙarshen aiki. Wato jiki yakan ba da sanarwa da wuri ga wanda ya duba. Sai kuma hoto na ƙarshe lokacin cire waya.

Hoton da ke ɗauko baki gaba ɗaya a faranti guda yana da amfani wajen ganin dukkan haƙora, amma bai cika nuna tsinin haƙoran gaba da kyau ba. Ƙaramin hoton da ake sa faranti a cikin baki a ɗauki haƙori biyu ko uku ya fi shi nuna tsawon saiwa. Akwai kuma na'urar da ke ɗaukar hoto ta kowace fuska, wadda ta fi su duka bayyana gaskiya, amma haskenta ya fi yawa, kuɗinta ma haka, don haka ana ajiye ta ne domin lokacin da ake da takamaiman dalili. Hasken ƙaramin hoto guda bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana ɗaya ko biyu ba. Mai juna biyu dai ta sanar da likita kafin a ɗauka.

An ɗauki hoto an ce saiwar ta fara gajarcewa. Sai a cire wayar?

Ba lallai ba. Likitoci suna auna abin hawa huɗu: hawa na farko gefen saiwa ya yi kaushi kawai, na biyu an rasa ƙasa da milimita 2, na uku daga milimita 2 zuwa kashi ɗaya cikin uku na saiwa, na huɗu kuma fiye da haka. A hawa na farko da na biyu yawanci ana ci gaba da aiki a hankali ana sa ido. Idan abin ya fi haka, matakin da aka fi sani shi ne a ba haƙoran hutu na wata biyu zuwa uku, a bar wayar a baki amma a sa wadda ba ta jan komai, domin jiki ya samu sararin liƙe ramukan da siminti. An gwada wannan hutu, an kuma ga cewa waɗanda aka ba shi sun ƙare da asarar da ba ta kai ta waɗanda aka ci gaba da ja ba tsayawa ba.

Bayan hutun sai a sake duba manufar aikin. Wataƙila a haƙura da mayar da haƙoran baya har inda aka so da farko, ko a bar wani ɗan giɓi a cike shi ta wata hanya, ko a tsaya gaba ɗaya idan an kai hawa na huɗu. Haƙoran da suka daidaita kashi tamanin cikin ɗari da saiwarsu sun fi mini waɗanda suka jeru kamar a hoton talla a kan guntun turke, kuma ina gaya wa iyaye haka ƙarara ko da sun riga sun biya kuɗin aikin duka.

Saiwar da ta gajarce tana sake tsirowa?

Ramukan gefe suna cikewa, amma tsawon da aka rasa ba ya dawowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu maganin gargajiya da ke mayar da shi.

To haƙorin zai faɗi ke nan?

Da wuya ƙwarai, kuma dalilin yana cikin siffar saiwa. Saiwa kamar karas take, mai kauri a sama, siririya a ƙasa, don haka yawancin zaruruwan da ke riƙe haƙori suna can sama kusa da dasashi. An lissafa cewa rasa milimita 3 daga tsinin saiwa daidai yake da rasa milimita 1 kacal na ƙashin da ke wuyan haƙori. Wannan lissafi yana kwantar da hankali, yana kuma ɗauke da gargaɗi. Mai gajeriyar saiwa zai iya zama da haƙorinsa shekaru da dama, amma ba shi da rarar da zai yi wasa da ciwon dasashi, domin ciwon dasashi daga sama yake cin ƙashi, daidai inda ƙarfin da ya rage masa yake. Binciken da ya bi irin waɗannan haƙora shekaru bayan cire waya ya nuna cewa girgiɗi yakan bayyana ne idan abin da ya rage na saiwa bai wuce milimita 9 ba. Irin wannan haƙori akan ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya ta bayan haƙora, mai shi kuma ya rabu da buɗe kwalba da haƙori, da fasa ƙashi, da ɓare rake da haƙoran gaba, ya riƙa zuwa wankin haƙori a kan kari.

Idan na zaɓi robar nan mai haske da ake cirewa, irin su Invisalign, na tsira?

Ba ka tsira ba, ko da yake bincike da dama sun nuna cewa zaizayewar takan yi sauƙi da ita. Sai dai a tuna cewa galibi masu ƙaramar matsala ake ba roba, kuma ana cire ta lokacin cin abinci, saiwa ta ɗan huta. Duk abin da ke motsa haƙori ta hanyar tantanin nan yake bi, saboda haka mai roba ma yana bukatar hoton farko da na tsakiya.

Haƙorin da aka cire wa jijiya fa, ko wanda aka sa wa haƙorin Makka?

Haƙorin da aka cire wa jijiya aka cike shi da kyau yana motsawa kamar kowane, kuma bai fi sauran saurin zaizayewa ba. Sharaɗin shi ne kada a bar ƙwayar cuta a ƙarƙashinsa. Haƙorin Makka kuwa rufi ne a saman haƙori, ba ya taɓa saiwa, amma tun da akan goge haƙori kafin a sa shi, yana da kyau a ɗauki hoto a tabbatar jijiyar da ke ƙarƙashinsa lafiya take kafin a fara ja.

Akwai abinci ko magani da ke karewa?

Babu wanda aka tabbatar. Madara da ƙwayoyin ƙarin sinadarin ƙashi suna da amfaninsu, amma ba sa hana wannan. Goro, aya, rake, ƙanƙara da busasshen kilishi ba su ke cin saiwa kai tsaye ba, illarsu ita ce suna ɓalle ƙarfen da aka manna, kowane ɓallewa kuma yana ƙara makonni a kan aikin. Aswaki ba laifi idan an tausasa bakinsa aka bi a hankali, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya kamar buroshi. Domin ciwon kwanakin farko farasitamol ya fi dacewa, saboda magunguna irin su ibuprofen suna iya rage saurin tafiyar haƙori idan ana yawan shan su.

Wayar kwalliya da ake sayarwa a intanet, da robar da 'yanmata ke ɗaurawa su rufe wushirya, su ma suna jawo haka?

Suna jawo abin da ya fi haka muni. Irin wannan waya da aka manna a haƙora tana iya tura su, ko an yi niyya ko ba a yi ba, kuma wanda ya manna ta a shagon kwalliya bai ga saiwa ba, bai san ƙarfin da ya sa ba, ba shi kuma da hanyar sanin abin da ke faruwa cikin ƙashi. Robar da ake zagaya haƙoran gaba biyu da ita kuwa tana da wata mummunar ɗabi'a: tun da haƙori yana sirancewa zuwa saiwa, robar takan silale ta shige ƙarƙashin dasashi ta ɓace, ta ci gaba da hawa tana yanke zaruruwan da ke riƙe haƙoran har su girgiɗe su zube. Wannan shi ne ainihin garin neman gira a rasa ido. Abin mamaki ma, wushiryar da iyayenmu ke yi wa kirari a matsayin ado ita ce yau wasu ke neman rufewa ko ta halin ƙaƙa.

Shin saiwa tana zaizayewa ko ba a sa waya ba?

Tana yi. Bugu mai ƙarfi, ruɓewar da ta kai ga jijiya, da ƙari a cikin ƙashi duk suna jawo ta. Wanda ya fi shafar yara shi ne fiƙar sama da ta ɓata hanya. Fiƙa takan fito ne wajen shekara 11 zuwa 12, idan kuma ta karkace a cikin ƙashi tana iya hawa kan saiwar haƙorin da ke kusa da ita ta cinye ta shiru. Idan yaro ya kai shekara 10 ko 11 ba a jin tudun fiƙar a saman dasashi, ko ta fito a gefe ɗaya ta ƙi fitowa a ɗayan, a kai shi a ɗauki hoto. A irin wannan hali waya ce ma ke ceton saiwa, domin da ita ake janye fiƙar daga inda take ɓarna.

A Kaduna wa ya kamata in nema, me kuma zan tambaye shi?

Daidaita haƙora fanni ne da likitan haƙori ke ƙara shekaru yana koyo bayan ya gama digirinsa, kuma masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a Arewa, shi ya sa wasu ke hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja domin ganin nasu likitan. Sashen haƙori na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wuri ne mai kyau na fara tambaya a nuna maka ƙwararre. Ko a asibitin gwamnati ko na kuɗi, ka tabbatar mai aikin yana da rajista da hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Ka tambaye shi ko zai ɗauki hoto kafin ya fara, ka nemi ya nuna maka saiwoyin a hoton ya gaya maka ko akwai wadda siffarta ke ba shi tsoro, ka ji tsawon lokacin da yake hasashe da watan da zai sake ɗaukar hoto, sannan ka tambayi wanda zai karɓi aikin idan shi ya yi tafiya. Yin waɗannan tambayoyi ba rashin kunya ba ne ga likita.

Bayan an cire waya abin yana ci gaba?

Da zarar an daina ja, zaizayewar takan tsaya, gyaran siminti kuma ya kankama cikin makonni. Abin riƙe haƙora da ake bayarwa bayan cire waya ba ya jan komai idan an yi shi daidai, don haka ba ya ƙara ɓarna. Idan hoton da aka ɗauka bayan wata shida ko shekara ya nuna saiwa tana ci gaba da raguwa, to akwai wani dalili dabam da za a nema, kamar haƙorin da ke karo da na ƙasa fiye da kima, ko jijiyar da ta mutu, ko siririyar wayar baya da ta lanƙwashe ta koma tura haƙori. Wanda kuma haƙoransa suka sake karkacewa bayan shekaru yana son a mayar masa da waya karo na biyu, ya zo da tsofaffin hotunansa, domin da su za a san nawa aka riga aka kashe daga saiwar da nawa ya rage. Ka karɓi kwafin kowane hoto a ranar da aka ɗauke shi, ka adana shi a wayarka ta hannu tare da kwanan watansa.